Wasiƙa daga Saitama: na samo ƙanen Sansui ɗin Baba

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Hajiya da iyali da yaran shago. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da ya fara kankama.

Ka tuna Sansui ɗin Baba, Allah Ya jiƙansa, amfilifayan nan mai ƙara ƙarfin murya da ya saya da kuɗin Udoji, ƙarin albashin ma'aikata, a 1975? Baƙin nan mai nauyi da ke kan kabad a falo, an rufe shi da ƙyalle mai saƙa, ba wanda ya isa ya murɗa shi sai shi. To na samo ƙanensa a nan Saitama, kusa da Tokyo a Japan. AU-607 ne, ƙirar 1976, kuma yanzu haka yana gabana a kunne.

Akwai wasu shaguna a Japan da ake kira Hard Off, waɗanda suka faro daga yankin Niigata a 1993, yau sun bazu ko'ina a ƙasar. Kayan gwanjo suke sayarwa, amma kada ka kawo Alaba ko Sabon Gari a ranka. Kowane kaya an goge shi, an naɗe shi a leda, an maƙala masa takarda mai faɗin aibinsa: murfi ya ƙarzu, maɓalli ɗaya ya saki, babu rimot. Mai kaya ne da kansa ke tona asirin kayansa tun kafin ka tambaya. Wanda suka gwada suka ga lafiyarsa ƙalau, suna ba shi garanti na 'yan watanni. Ba tayi, ba albarka, abin da ke jikin takarda shi za ka biya.

Can ƙuryar shagon akwai sashen da suke kira janku, inda ake jibge kayan da ba su ɗauki alhakinsu ba. Idan ya yi, rabonka ne, idan bai yi ba, ba a mayarwa. Sun ajiye soket a gefe don ka gwada. Nan na tsinci Sansui ɗin a kan yen 5,500, takardarsa na cewa wuta na shiga amma murya ba ta fita. Na jona, na kasa kunne. Ka san ɗan "ƙyas" ɗin nan da yake yi bayan 'yan daƙiƙoƙi, alamar ya saki murya zuwa lasifika. Shiru. Na leƙa ta ramukan murfi, ba alamar ƙuna, ba warin hayaƙi, ba sawun hannun wani mai gyara. Na rungume shi har tashar jirgin ƙasa, kafaɗata ta kwana biyu tana ciwo.

Arahar tana da dalili. Ɗakunansu ƙanana ne, kuma jefar da babban kaya sai ka biya: ka sayi takardar shara ka liƙa, ka jira ranar da hukuma ta sa maka. Dattijo ya rasu, 'ya'yansa ba su da inda za su ajiye Pioneer ko Technics ko manyan lasifikan Yamaha da ya tara, sai su kai shago a ba su abin da ya samu. Kayan kuma suna daɗewa da ransu, domin wutarsu ba ta rawa, ba su san ƙurar hunturu ba. Abin da ke cinye su shi ne laimar lokacin zafi, mai ruɓar da soson bakin lasifika.

Wajen gyara ne muka fi su, nesa ba kusa ba. Na kai shi wani shagon gyara, aka ce dubawa kawai sai na biya, layi kuma ya kai wata uku, kuɗin aikin da aka ƙiyasta ya ninka abin da na sayi kayan har sau shida. Kamfanin Sansui ya durƙushe tun 2014, kayan gyara na asali sun yi wuyar samu, masu hannu a wannan sana'a kuma yawancinsu tsofaffi ne da ke ta ajiye aiki. Sai na tuna bencinka, yadda ake kawo maka rikoda da hantsi, kafin la'asar tana waƙa, ka ciro wannan daga gawar wancan ka dasa. Wallahi Yaya, da a nan kake da ƙarfen dalmarka, sai an riƙa bin ka layi.

Abin da na koya a gefenka shi ya fisshe ni. Na je Akihabara, kasuwar kayan lantarki ta Tokyo, cikin ƙananan rumfunan da ke ƙarƙashin layin dogo, kowace ba ta wuce ta mai shayi ba, wani kwandensa kawai yake sayarwa, wani waya kawai. Na nuna wa wani tsoho tsofaffin kwandensan da na ciro, bai ce uffan ba, ya ƙirga min sababbi a ɗan faranti. Dare uku ina kai bayan na taso daga aiki. A na ukun, wajen ƙarfe ɗaya, na ji ƙyas. Na daɗe zaune ban sa komai ba, ina kallon 'yar fitilarsa, falonmu na Fagge kawai nake gani.

Sai dai ba na iya ƙure shi. Bangon ɗakina kamar kwali yake, maƙwabci na jin tarinka. Amma suna da gidajen shan kofi da ake kira jazu kissa, inda ake sa faifai a manyan lasifika kowa ya yi tsit yana saurare. Na je ɗaya, muryar ta yi daɗi ƙwarai, amma na rasa wanda zan taɓa in ce masa ka ji wurin nan. Baba kuwa tagogi yake buɗewa ranar Juma'a da yamma, masu wucewa su tsaya a zaure.

Game da kayan da ka ce in sako maka a kwantena, ka lura da abu biyu. Wanda aka ƙera don cikin Japan wutar volt 100 yake ci, tamu 230 ce, idan aka jona shi kai tsaye ya tafi ke nan, dole sai da taransifoma mai rage wuta. Rediyonsu na da kuma daga 76 zuwa 90 yake kamawa a FM, ba zai kamo maka Freedom a 99.5 ba. Don haka amfilifaya da na'urar kaset zan nema maka, rediyo ka saya a gida. Na'urar faifai ba matsala idan ta yankin Tokyo ce, zagayen wutarsu 50 ne irin namu, Osaka ce ke kan 60.

Ni kuma roƙona biyu. Ka duba ɗakin ajiya ko gawar Sansui ɗin Baba tana nan tun ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone shi, kada yara su ba 'yan gwangwan. Sannan ka roƙar min Hajiya akwatin kaset ɗin da ke ƙarƙashin gadonta, musamman na kalangu masu rubutun hannunsa a jiki. Akwai wanda zai taso daga Kano bayan Sallah, zan turo maka lambarsa.

Ka gaida kowa da kowa. Naka, ƙanenka.