Zanzibar ko Maldibs: amsa ga Hajiya mai shirin hutun Agusta da yara

Hajiya, barka da warhaka. Kin ce ke da maigida da yara biyu kuna son fita a dogon hutun makaranta na watan Agusta, kuɗin da aka ware ba zai kai wuri biyu ba, kuma kin rasa wanda za ki zaɓa tsakanin Zanzibar da Maldibs. Kin ƙara da cewa abin da ya fi damunki shi ne abinci na halal, wurin salla, da yadda mai hijabi za ta sake a bakin teku. Ni dai a wannan wata, da yara a hannu, Zanzibar zan ce, amma da sharaɗi ɗaya mai nauyi, shi ne biza. Da ita zan fara domin ita ce ke ɓata wa mutanenmu shiri.

Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya, don haka bizar Tanzaniya za ku nema. Mai fasfon Najeriya, ko na Nijar, ko na Chadi, ba a buga masa biza a filin jirgi kamar yadda ake yi wa Turawa. Ƙasashen nan suna cikin jerin waɗanda sai hedikwatar shige da fice ta duba takardunsu ta amince tukuna. Ana cikewa ta intanet, hukumar da kanta kuma tana ba da shawarar a nema tun saura wata biyu, kada a sayi tikiti sai amsa ta fito. Ke nan mai son tafiya a Agusta, tun watan Mayu ko farkon Yuni ya kamata takardunsa su shiga. Bayan biza, tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorarta, dala 44 ga babba, ko da kuwa yana da wata inshorar daga gida.

Maldibs ta fi sauƙi nesa ba kusa ba ta wannan fuska. Ana ba da izinin kwana 30 kyauta a filin jirgin Velana, in dai kina da tikitin komawa, da shaidar kama ɗaki a masauki mai rajista, da abin da zai nuna kuna da kuɗin zama. Akwai fom na intanet mai suna Imuga da ake cikewa cikin sa'o'i 96 kafin isa. Ku buga komai a takarda ku riƙe a hannu, kada ku dogara da waya, domin jami'an suna yin tambayoyi kuma suna da ikon mayar da mutum. Duka ƙasashen biyu za su nemi katin rigakafin zazzaɓin shawara daga wanda ya taso daga yankinmu, har na yara.

Sai yanayi, kuma nan ne Zanzibar ta ci. Babbar daminarsu daga Maris zuwa Mayu take, ƙarama kuma wajen Nuwamba zuwa Disamba. Daga Yuni zuwa Oktoba sararin sama a washe yake, iska mai sanyi tana kaɗawa, yaro zai wuni a waje bai galabaita ba. A Maldibs kuwa rani shi ne Disamba zuwa Afrilu, Agusta yana tsakiyar lokacin ruwa da iska. Ba kullum ake wuni ana ruwa ba, sau da yawa ya zubo ya wuce, amma teku yakan yi tsauri, kuma duk motsinki a ƙasar a kan ruwa yake. Yaro mai jin jiri a mota zai wahala a ƙaramin jirgi mai gudu idan igiyar ruwa ta tashi. Abin da ake samu a madadin haka shi ne farashin ɗaki yana sauka, kuma lokacin ne manyan kifayen manta masu fuka-fuki ke taruwa a Hanifaru, cikin yankin Baa.

A hoto wuraren biyu kamar ɗaya suke, farin rairayi da shuɗin ruwa, amma zama a cikinsu ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan. Unguja, babban tsibirin da muke kira Zanzibar, ƙasa ce guda mai tsawon kusan kilomita 85, da garuruwa da gonaki da kasuwanni da tituna. Ki hau mota da safe ki je daji, da azahar kina kasuwa, da la'asar kina bakin ruwa. Maldibs kuwa ƙananan tsibirai ne kusan 1,190 a warwatse a tekun Indiya, waɗanda mutane ke zaune a kai ba su wuce 200 ba. Tun da aka buɗe otal na farko a 1972, tsarinsu shi ne tsibiri ɗaya otal ɗaya. Wani tsibirin za ki zagaye shi da ƙafa kafin shayinki ya huce. Ga amarya da ango wannan keɓewa ita ce abin nema. Ga yaro ɗan shekara takwas, kwana na uku zai fara tambayar ina kuma za a je.

A Zanzibar ba za ku rasa amsar da za ku ba shi ba. Tsohon gari, wanda ake kira Stone Town, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, da masallatai kusan a kowace kwana. Wanda ya saba da cikin birnin Kano ko Zinder ba zai ji baƙunta ba. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, nan ya mayar da fadarsa a ƙarni na 19, ya cika tsibirin da gonakin kanumfari, har yau kuma ana kai baƙi gonakin kayan ƙamshi su ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiyarsu. Yaran da suka saba ganinsu a ƙulle a leda za su yi mamaki. Akwai dajin Jozani mai jajayen birai da ba a samun irinsu sai a wannan tsibiri, akwai kuma tsibirin Changuu, tafiyar kusan rabin sa'a a kwalekwale mai inji, inda manyan kunkuru suke, wasu sun haura shekara ɗari. Da magariba a dandalin Forodhani ana gasa tsire da kifi, ana matse rake a gabanki. Ku zaɓi abin da aka gasa kuna kallo, ku tambayi farashi kafin a ɗora a wuta.

Wuri ɗaya nake roƙon kada ku tsallake, ko da zai yi muku nauyi a zuciya: tsohuwar kasuwar bayi da ke Mkunazini, wadda aka rufe a 1873 aka gina coci a filinta. Ana shiga da baƙi ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, a waje kuma akwai mutum-mutumin mutane da sarƙa a wuya. Arzikin kanumfarin nan da gumin bayi aka tara shi, kuma ya kamata yaranmu su ji wannan daga bakin iyayensu.

Akwai ma wata tsohuwar alaƙa tsakaninmu da tsibiran nan biyu. Wuri, wato kuɗin ƙwanso da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, asalinsa daga tekun Maldibs ake kwaso shi. Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a can a shekarun 1340, ya gan shi a tsibiran, ya sake ganin ana kashe shi a ƙasar Mali. A tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jigilar wani wuri mai ɗan girma daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, ya yi yawa har darajar kuɗin ta faɗi.

Ruwa kam, Maldibs ta fi, ba na jayayya a kai. Garau yake, mai ɗumi, kifi kala-kala yana yawo a gefen ƙafarki, murjani kuma wani lokaci daga bakin gaɓa ake fara ganinsa. Idan ninƙaya da kallon abin da ke ƙarƙashin teku ne ya kai mutum, ba shi da abin da zai nema a wani wuri. Zanzibar tana da kyawawan gaɓoɓi, sai dai ki san inda za ki sauka. A gabas, wato Paje da Jambiani, ruwa yana janyewa sau biyu a yini, ya yi nisa ƙwarai, ya bar fili inda mata ke noman ciyawar teku. Abin kallo ne, yara kuma za su ji daɗin tsintar ƙwanso, amma mai son wanka sai ya jira cikowa, kuma a sa musu takalmin roba saboda wasu halittu masu ƙaya da ke kwance a ƙasan ruwan. A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya gudu sosai, ana iya shiga kowane lokaci, amma can ne cunkoson baƙi da kiɗan dare da samari masu tallar yawon jirgi. Ki ce musu a'a cikin fara'a sau ɗaya, ki wuce.

Yanzu abin da ya fi damunki. Duka wuraren biyu na Musulmi ne. Maldibs ta karɓi Musulunci a 1153, kuma dokar ƙasar ta ce ɗan ƙasa Musulmi ne. Masallacin Juma'a na Male, babban birnin ƙasar, wanda aka gina da dutsen murjani a shekarun 1650, yana nan ana salla a cikinsa. Amma ki lura, akwai Maldibs iri biyu. Tsibiran otal suna da izinin sayar da giya, wasu har da naman alade, baƙi kuma suna yawo da kayan wanka ko'ina. Tsibiran da jama'a ke zaune, irin su Maafushi da Dhigurah da Ukulhas, babu giya, abinci halal ne, ana kiran salla, an kuma keɓe wa masu ƙananan kaya gefe guda na gaɓa. Tun 2009 aka ba mutanen gari damar buɗe masaukin baƙi, farashinsu kuma bai kama ƙafar na otal ba. Mai hijabi a nan ta fi sakewa, domin matan garin ma da suturarsu suke shiga ruwa. Idan Maldibs kuka zaɓa, irin wannan tsibiri nake ba ku shawara, ba ɗakin otal da ake ginawa a kan ruwa ba, wanda yawancin otal ma ba sa son a sauka a ciki da ƙananan yara saboda baranda a buɗe take ga teku.

A Zanzibar mafi yawan jama'a Musulmi ne, mata da baibui da gyale, maza da farar kanzu da hula, ba wanda zai kalle ki sau biyu. Naman kasuwa da na gidajen abincin gari yankan Musulmi ne. Amma giya ba haramtacciya ba ce a dokarsu, manyan otal na bakin teku suna sayarwa. Akwai masaukan da ba sa ajiye ta, musamman a tsohon gari, sai ki rubuta ki tambaya kafin ki biya. Mafi yawan Musulmi a wuraren biyu Shafi'awa ne, za ku ji liman yana bayyana bisimilla, kada yara su ɗauka kuskure ne. Ta fuskar ɗanɗano, Zanzibar ta fi kusa da bakinmu: shinkafa pilau da biryani, rogo, wake da kwakwa, gahawa a bakin hanya. Abincin Maldibs kusan duk kifin tuna ne da kwakwa da barkono, har karin kumallo. Yaron da ba ya cin kifi zai sha wuya.

Batun kuɗi, kada farashin ɗaki da kika gani a intanet ya ruɗe ki. A Maldibs ana ɗora kashi 10 na hidima, da harajin baƙi kashi 17, da harajin muhalli na kowane mutum kowane dare, dala 12 a otal, dala 6 a ƙananan masaukai. Sannan ga kuɗin kai ku daga filin jirgi. Otal mai nisa da jirgin sama mai sauka kan ruwa ake zuwa, ɗaruruwan daloli kan mutum ɗaya, kuma da rana kawai yake tashi, wanda ya sauka da dare sai ya kwana a Male ko Hulhumale da ke kusa da filin jirgi. A tsibirin otal babu shagon da za ki leƙa ki sayi ruwa mai araha, abin da suka ce shi za ki biya. A Zanzibar mota ɗaya za ta kwashe ku huɗu daga filin jirgin Abeid Amani Karume, kusan sa'a ɗaya zuwa Paje, sa'a ɗaya da rabi zuwa Nungwi, kuma ranar da aljihu ya yi sanyi kuna iya cin abinci inda mutanen gari ke ci. Hanyar ma ta fi kusa: jirgin Habasha yana ɗauka daga Kano ko Abuja ko Yamai, a sauya a Adis Ababa. Zuwa Male kuwa sai an bi ta Doha ko Dubai ko Istanbul, agogonsu kuma ya riga namu da sa'a huɗu, na Zanzibar da biyu.

Ta lafiya, Maldibs ba ta da maleriya, amma akwai zazzaɓin dengi da sauron rana ke kawowa. Zanzibar ta rage maleriya sosai, ba ta ƙare ba. Ko'ina kuka je ku tafi da man korar sauro, ku sha ruwan gora, kada kuma yaro ya hau kwalekwale ba rigar kariya a jikinsa, ko da mai jirgin ya ce ba nisa.

In bizar Tanzaniya ta fito, ku raba kwanakin: biyu ko uku a tsohon gari, sauran a Kendwa ko Jambiani. Ku riƙe sababbin takardun dala, domin masu canji suna ƙin tsofaffi da masu yagewa, ku canza zuwa shilin don ƙananan sayayya. In kuwa lokaci ya ƙure biza ba ta fito ba, ku kama masauki a Maafushi ko wani tsibirin jama'a da ke kusa da Male, inda tafiyar jirgin ruwa mai gudu ba ta kai sa'a guda ba. Wajen sayen tikiti ki duba ranar sauka da kyau, domin jiragen ruwa na gwamnati masu araha ba sa aiki ranar Juma'a, sai dai masaukin ya shirya muku jirgi mai gudu.