Sharhin Leviathan Wakes: yaƙin da aka fara a kan ƙanƙarar ruwa

Duk wanda ya taɓa jiran mai kurar ruwa a Gusau cikin watan Afrilu zai gane tushen rikicin wannan littafi tun daga babin farko. Leviathan Wakes ya fito a 2011 da Turanci, ƙarƙashin sunan James S. A. Corey, wanda a zahiri mutum biyu ne, Daniel Abraham da Ty Franck. Shi ne na farko cikin littattafai 9. Ya haura shafi 500. Mai son karantawa ba tare da an bayyana masa ƙarshe ba, ya dakata a nan.

Ɓangarori uku ne: Duniya, duniyar Mars, da talakawan da ke zaune cikin duwatsun da ke shawagi tsakanin Mars da Jupiter. Waɗannan na ukun ruwa da iska duk da lissafi suke samu. Jirgin sararin samaniya mai suna Canterbury ƙanƙara yake ɗaukowa daga zoben Saturn zuwa Ceres, mafi girma cikin duwatsun, aka yi masa tarko da kiran neman agaji na ƙarya, aka tarwatsa shi. Mutum 5 suka tsira: Holden, Naomi, Amos, Alex da Shed. Budurwar Holden, Ade Tukunbo, 'yar Najeriya, tana cikin waɗanda suka rasu.

Kuskuren da ya tada yaƙin na Holden ne. Ya ga tambarin sojan Mars a kan na'urar da ta aiko da kiran, ya watsa wa kowa labari kafin ya tantance, alhali shaidar dasa ta aka yi. Ya kuma maimaita irin haka daga baya. Marubutan ba su wanke shi ba, kuma wannan ya yi daidai, sai dai maimaicin yana gundura.

Ƙarfin littafin yana wajen Miller, tsohon ɗan sandan Ceres, mashayi, wanda aka ba aikin nemo Julie Mao, 'yar wani attajiri. An kore shi daga aiki, bai fasa neman ta ba. A Eros, wani dutse da jama'a ke zaune a cikinsa, ya tarar da ita kwance a banɗakin wani masauki, wata halitta da kamfanin Protogen ya samo a Phoebe, ɗaya daga cikin watannin Saturn, ta cinye jikinta. Abin da ya biyo baya yana tsuma zuciya: aka buga ƙararrawar haɗari ta ƙarya, 'yan daba sanye da kayan 'yan sanda suka kora jama'a cikin ɗakunan mafaka, aka kulle, aka sakar musu tururin nukiliya don halittar ta samu abin ci. Mutum wajen miliyan ɗaya da rabi. Da aka kama Dresden na Protogen, jagoran wannan gwajin, ya fara kawo hujjojin da suke shiga kunne, Miller ya harbe shi nan take. Holden ya yanke hulɗa da shi saboda haka, kuma mai karatu zai daɗe yana auna wanda ya fi gaskiya.

Shed ya mutu tun a Donnager, jirgin yaƙin Mars, harsashi ya fasa bango ya cire masa kai. Sauran huɗun sun rayu a jirginsu Rocinante, Holden yana shan maganin sankara har abada saboda tururin nukiliyar Eros ya taɓa shi. Miller ya koma Eros da bam, ya iske Julie, wadda halittar ta haɗe da ita, ita ce ke tuƙa dutsen zuwa Duniya, ya lallashe ta suka faɗa Venus tare.

Rauninsa shi ne faɗan Duniya da Mars daga nesa ake jin sa, a labarai kawai, domin babobin tsakanin Holden da Miller suke karɓa-karɓa. Gaurayen yaren mutanen duwatsun yana wahalar da mai koyon Turanci, amma ma'anar tana fitowa daga amsar da ake ba su. Akwai ashar da jini, don haka ba na yara ba ne. Ɗaliban jami'a a Birnin Kebbi ko Gusau da suka kalli fim ɗinsa, The Expanse, kada su nemi Avasarala, 'yar siyasar Duniya, a nan, sai a littafi na 2, Caliban's War, na 2012.