Jadawalin adireshi ko tambayar sabar baya: wanne ya fi dacewa a Postfix?

Malam, ka ce Postfix ɗinka, manhajar karɓa da tura imel, yana tsaye a gaba yana miƙa imel ga Exchange, sabar imel ta Microsoft da ke bayansa, kuma layinsa ya cika da saƙonnin da aka dawo da su. Shin jadawali za ka yi, ko ka bar shi ya riƙa tambayar sabar baya?

Ga inda gizo ke saƙar: relay_recipient_maps, saitin da ake nuna wa Postfix jadawalin adireshin da zai karɓa, yana zuwa ne babu komai a ciki, don haka Postfix yana karɓar kowane adireshi da ke ƙarƙashin relay_domains, wato yankunan da yake miƙa wa imel. Sai Exchange ya ƙi saƙon, sannan Postfix ya mayar wa wanda sunansa ke kai, alhali masu turo saƙonnin banza adireshin bayin Allah suke ara. Da haka ake jefa saba cikin jerin waɗanda aka toshe.

Jadawali fayil ne kawai: kowane layi adireshi ɗaya da wata kalma a gefensa, ko da OK ce, domin adireshin kaɗai ake dubawa. Ka sa postmap, umarnin Postfix na shirya jadawali, ya sarrafa shi. Daga nan, tun a matakin RCPT TO, inda mai aikowa ke faɗin adireshin mai karɓa, kafin saƙon ya shigo, duk adireshin da babu shi zai sha 550, lambar ƙi na dindindin. Ko Exchange ya faɗi, jadawalin yana nan yana aiki. Aibinsa, in an ɗauki sabon ma'aikaci aka manta ba a saka shi ba, imel ɗinsa komawa zai yi. Kuma don Allah kada ka rubuta layin da ya fara da @ da sunan yanki kaɗai. Wannan buɗe ƙofa ne ga kowa, aikin ya tashi a banza.

Ita kuwa tambaya, wato reject_unverified_recipient, tun Postfix 2.1 take. Yana tuntuɓar sabar baya, ya ji amsarta ba tare da ya aika komai ba, ya adana: adireshi mai kyau har kwana 31, marar kyau kwana 3. Babu fayil ɗin da za ka kula da shi. Amma in sabar baya tana cewa "to" ga kowa, ba ka yi komai ba. Lambar ƙinsa ta asali kuma 450 ce, wato ƙi na ɗan lokaci, mai aikowa zai yi ta sake gwadawa, sai ka mayar da unverified_recipient_reject_code zuwa 550.

Ni dai jadawali zan zaɓa, tunda Exchange ɗin a hannunka yake. Ka sa cron, mai gudanar da aiki a kan lokaci, ya riƙa zaro adireshin daga Active Directory, rumbun masu amfani da Exchange ke dogara da shi, ka gwada da postmap -q kafin ka kunna.