Kunne ɗaya ya daina ji: abin da za ka duba kafin ka sayi na'ura a Jos

Wanda kunnensa ɗaya ya daina aiki yakan ji magana sarai idan ɗaki shiru ne kuma mutum ɗaya ke magana. Wahalarsa kashi uku ce, kuma kowace na'ura da ake sayarwa wani kashi take magancewa ta bar saura. Na farko, kai yana tare sautin da ya fito daga ɓangaren da ya mutu, musamman siraran sautuka irin su s, sh, f da ts, waɗanda kan ragu da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 15 zuwa 20 kafin su zagayo kunnen mai lafiya. Na biyu, mutum ba ya gane inda sauti ya fito, domin ƙwaƙwalwa tana auna hakan ne da bambancin lokaci da ƙarfi tsakanin kunnuwa biyu. Shi ya sa tsallaka titi a Terminus ko Farin Gada ke zama abin fargaba, ana jin hon ɗin keke amma ba a san ta ina yake zuwa ba. Na uku, a cikin hayaniya magana takan cakuɗe. Kafin ka ciro ko kwabo, tantance wanne daga cikin ukun nan ya fi hana ka sakat.

Gwaji kafin ciniki

Idan jin ya ɗauke ne farat ɗaya, cikin sa'o'i ko kwana uku, maganar saye ba ta taso ba tukuna. Asibiti za a nufa a ranar. Kurumtar jijiya da ta zo kwatsam ana yi mata maganin steroid, na sha ko wanda ake zubawa ta cikin dodon kunne da allura, kuma ya fi aiki cikin mako biyu na farko. Mutane da yawa suna ɓata waɗannan kwanaki suna ɗiga man zaitun ko maganin kemis a kan zaton dauɗa ce ta toshe. Akwai ɗan gwajin gida da ke ba da haske: rufe baki ka yi gunji. In ka fi jin muryarka a kunnen da ya toshe, galibi toshewa ce ta waje ko ta tsakiya. In muryar ta koma kunnen mai lafiya, ana zargin jijiya, kuma gaggawa ta wajaba.

A Jos akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, akwai kuma asibitin koyarwa na Bingham da aka fi sani da Jankwano. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana Kaduna. Abin da za ka nema shi ne takardar gwajin ji, wato odiyogiram, wadda ta nuna layi biyu ga kowane kunne: ji ta iska da ji ta ƙashi. A haɗa da gwajin gane kalmomi da na motsin dodon kunne. Idan kurumtar ta jijiya ce kuma a gefe ɗaya, likita zai so hoton MRI don ya tabbatar babu ƙari a kan jijiyar ji. Ka kuma gaya masa duk ciwon da ya gabata: hangum, sanƙarau, ƙyanda, buguwa a kai, allurar gentamicin ko streptomycin, da zazzaɓin Lassa, wanda Filato na cikin jihohin da yake addaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka tsira daga Lassa suna samun matsalar ji, kuma wasunsu jin yana ɗan dawowa bayan wata ɗaya zuwa uku. Wannan dalili ne na jinkirta sayen abu mai tsada a watannin farko.

Takardar nan ita ke raba hanya. In ji ta ƙashi yana da kyau, ta iska ne kawai ya faɗi, to katantanwar kunne, wato sashen can ciki mai mayar da sauti saƙon da jijiya ke ɗauka, lafiyarta ƙalau. Matsalar dauɗa ce, ko ruwa, ko hujin dodon kunne, ko ƙananan ƙasusuwan tsakiya, kuma sau da yawa wanki ko tiyata ke gyarawa. In kunnen yana da sauran ji kuma yana gane fiye da rabin kalmomin gwaji, na'urar ƙara ji ta yau da kullum a wannan kunnen ita ce zaɓi mafi kyau, don tana mayar maka da kunnuwa biyu. In kuwa raunin jin ya wuce desibel 90, ko ana jin ƙara amma ba a gane kalma, ƙara sauti ba zai amfana komai ba. A nan ne sauran zaɓuɓɓukan ke shigowa.

CROS da BiCROS

Wannan tsari ya daɗe, tun 1965 Harford da Barry suka bayyana shi a Amurka. Kaya biyu ne. Wanda ake ratayawa a mataccen kunne makirufo ne da na'urar aikawa, ba ya zuba sauti a kunnen ko kaɗan. Na ɗaya gefen yana karɓa ba tare da waya ba ya zuba a kunnen mai lafiya. In kunnen mai lafiyar shi ma ya ɗan raunana, sai a saita shi ya riƙa ƙara sauti, shi ne BiCROS. Kamfanoni irin su Phonak, Signia, Oticon da Starkey suna yi, kuma dole biyun su zama na kamfani ɗaya da samfurin da ya dace da juna. Kada ka sayi rabi a intanet da niyyar haɗawa da wata na'urar da ke gida.

Ga yawancin manya a nan ya kamata a fara, domin babu tiyata kuma in bai yi ba ana iya ajiyewa. Amma a san iyakarsa. Matsala ta farko kaɗai yake magancewa. Wanda ke zaune a gefen mataccen kunnenka a ofis, ko a majalisa, ko a sahun ɗaurin aure, za ka ji shi ba tare da juya wuya ba. Gane inda sauti ya fito kuwa ba ya dawowa, tunda komai ta kunne ɗaya yake shiga. A hayaniya ma yana iya ƙara dagula lamari: idan mai magana yana gefen kunnen mai lafiya, janareta kuma yana gefen mataccen, na'urar za ta kwaso ƙarar janaretan ta zuba a kunnen da da yake cikin kariya. Don haka nemi wanda ke da maɓallin kashe gefen aikawa da taɓawa ɗaya, kuma ka koyi amfani da shi.

Direbobi su lura da wannan. Direba a Nijeriya yana zama a hagu, kunnensa na dama ke fuskantar fasinja. In na daman ne ya mutu, CROS zai yi masa amfani ƙwarai. In na hagun ne, makirufon zai zauna kusa da taga yana kwasar iska, gara a kashe shi ko a ɗaga gilashi.

Robar da ke shiga kunnen mai lafiya ta zama mai huji, buɗaɗɗiya. Idan aka sa toshasshiya, an rage wa kunnen da kake dogaro da shi ji, muryarka kuma za ta riƙa yi maka amo a kai. Wannan kuskuren saiti shi ke sa da yawa su jefa na'urar cikin durowa a makon farko.

Sai batir. Aika sauti ba tsayawa yana cin wuta fiye da na'urar yau da kullum, ƙaramin batir mai lamba 312, mai tambarin ruwan ƙasa, yana iya ƙarewa cikin kwana biyu zuwa huɗu, a kowane gefe. Mai lamba 13, mai ruwan lemo, ya fi daɗewa. Batiran da iska suke aiki: ɓare takardar, jira minti ɗaya ko biyu kafin ka sa, kuma da zarar an ɓare ya fara ƙarewa ko ba a yi amfani da shi ba. Sanyi da bushewar hunturun Jos suna rage musu kwana. Mai caji ya fi sauƙi a lissafin shekara, amma tambayi ko akwatin cajin yana karɓar wuta daga fawa banki, don daren da babu wuta yana nufin yini guda babu ji. A cire na'urar kafin alwala, a busar da kunne kafin a mayar. Da damina ta kwana a gwangwani mai ƙwayoyin shan danshi, da rani kuma a riƙa share ƙura daga bakin makirufo da ɗan buroshinsa. Mata masu hijabi ko ɗankwali su gwada na'urar da irin yadin da suke sawa kullum, domin yadi mai kauri ko mai santsi yana goga makirufo ya yi ta shuu.

Na'urar da ke aika sauti ta ƙashi

Wannan tana girgiza ƙashin bayan mataccen kunne, girgizar ta ratsa ƙoƙon kai ta isa katantanwar ɗaya gefen. An fara dasa irinta a Gothenburg ta ƙasar Suwidin a 1977. Amfaninta a kan CROS shi ne ba a sa komai a kunnen mai lafiya. Sharaɗinta shi ne jin wannan kunnen ta ƙashi ya kasance kusan cikakke, desibel 20 ko abin da ya fi haka kyau.

Akwai marasa tiyata: wadda ake ɗaurawa da zare mai roba a kai, wadda aka fi sa wa yara ƙanana, da ADHEAR ta kamfanin MED-EL da ake mannawa a fatar bayan kunne, ana canza mannin duk bayan kwana uku zuwa bakwai. Fata tana cinye wani kaso na siraran sautuka, zufa kuma tana saki manni. Masu tiyata iri biyu ne. Baha da Ponto suna da ƙusa ta titaniyam da ke fitowa ta fata, a maƙala na'urar a kai. Sautinsu yana da kyau, amma wurin yana buƙatar tsafta kullum, yana iya ja ko yin ruwa, kuma wanda fatarsa ke yin tabo mai kumburi ya faɗa wa likita tun kafin a yanke shawara. Bonebridge da Osia ana binne su a ƙarƙashin fata, na wajen ya manne da maganaɗisu. Babu buɗaɗɗen rauni, sai dai maganaɗisun yana ɓata hoton MRI a wannan gefen, abin da ke da muhimmanci ga wanda ake bibiyar ƙari a jijiyarsa. Hula kuma matsala ce ta gaske, in bakinta ya taɓa na'urar sai ta yi fito. Je da hularka ranar da za a auna wurin dasawa.

Ra'ayinmu a nan a fili yake: ga mai kurumtar jijiya, abin da tiyatar ƙashi ke bayarwa bai wuce na CROS da nisa ba, ita ma ba ta dawo da gane alƙibla. Kada a yarda da wuƙa sai an yi mako biyu ana yawo da ta gwaji mai zare, an kuma gwada CROS. Ga wanda katantanwarsa ke lafiya amma kunnen na fitar da mugunya ko an haife shi babu ramin kunne, lissafin ya sha bamban, a nan na'urar ƙashi tana yin aiki mai kyau ƙwarai, don kunnen da kansa take tayarwa.

Dashen katantanwa

Shi kaɗai ne ke mayar da ji ga kunnen da ya mutu. Ana zura siririyar waya mai wuraren fitar da lantarki 12 zuwa 22 cikin katantanwa ta riƙa taɓa jijiya da lantarki. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga masu kurumtar gefe ɗaya a 2019, daga shekara 5 zuwa sama. Yana taimakawa wajen gane alƙibla da ji a hayaniya, kuma sau da yawa yana rage ƙugin da ke addabar mataccen kunne. Dole jijiyar ta kasance da rai, kuma sakamako ya fi kyau in kurumtar ba ta kai shekara 10 ba. Bayan sanƙarau katantanwa tana iya cikewa da ƙashi cikin makonni ko watanni, don haka jinkiri yana rufe ƙofar.

Kuɗinsa miliyoyin naira ne masu yawa, da dala ake lissafa shi, kuma tiyatar farkon kashe kuɗi ce. Ana kunna shi mako biyu zuwa huɗu bayan aiki, sai zuwa saiti sau da dama a shekarar farko, sai atisayen sauraro kullum ta hanyar aika magana daga waya kai tsaye zuwa dashen, don kunnen mai lafiya kada ya yi masa aikin. Sautin farko kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba yake, wata da watanni ƙwaƙwalwa ke ɗauka kafin ta saba. Tambayar da ta fi ta farashi nauyi ita ce wa zai yi saitin, a wane gari, kuma in waya ko batir ya lalace kwana nawa kafin a samu wani.

Ƙananan mafita, da abin da za a guje wa

Ɗalibi a babban ɗakin lacca, ko mai zuwa karatu a masallaci, sau da yawa makirufon nesa ya fi masa CROS. Malami ya maƙala a riga, sauti ya zo kai tsaye kunnen mai lafiya. Roger na Phonak irin wannan ne, kuma mai iPhone da AirPods yana iya gwada Live Listen kafin ya sayi komai. Zaɓen wurin zama kyauta ne: mataccen kunne ya fuskanci bango, mai lafiya ya fuskanci jama'a. Wanda yake kwana a kan kunnen mai lafiya ba zai ji ƙararrawa ko kukan jariri ba, agogo mai girgiza a ƙarƙashin matashi ya magance wannan. Wasu da wannan kaɗai suke wadatuwa, kuma ba laifi ba ne. Yaro kuwa kada a bar shi da cewa ai ɗayan yana ji, a sanar da malaminsa, a ba shi kujerar gaba, a maimaita gwaji a kai a kai.

Ƙananan na'urorin ƙara sauti masu araha da ake tallatawa a kasuwa da Facebook ba a saita su da takardar gwajin kowa. A mataccen kunne ba su yin komai, a mai lafiya kuma suna iya yin ɓarna. Kunnen nan ɗaya da ya rage shi ne jarinka: desibel 85 na awa takwas shi ne iyaka, duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Mai injin niƙa, mai walda da mai zama kusa da lasifikar biki su sa matoshin kunne na soso, kuma a daina cusa tsinke ko auduga.

Ranar ciniki, nemi a rubuta maka kwanakin gwaji da adadin kuɗin da za a mayar in ka dawo da kaya, da shekarun garanti, da inda ake kai gyara, da ko za a ba ka aro kafin taka ta dawo. Tabbatar farashin ya haɗa da zuwa saiti aƙalla sau biyu ko uku, da robobin kunne da matatar dauɗa na wata shida. Lambar da ke jikin na'urar ta yi daidai da ta kwali da ta rasit. Kuma kafin ka biya, sa ta ka fita bakin titi tare da wani, ya tsaya a gefen mataccen kunnen ya yi maka magana da muryarsa ta kullum, a kunne sannan a kashe.