Mota mai jan gaba a dusar ƙanƙara: taya za ka saya, sarƙa, ko motar za ka canja?

A hunturuna na farko a Ottawa, babban birnin Kanada, wata safiya na zo kwanar da nake bi kullum, na murɗa sitiyari dama, Corolla ta ce ita gaba ta nufa. Ba gudu nake ba. Sai da ta soka hanci a tulin dusar da motar share titi ta tara a gefe, sannan ta tsaya. Da yamma na kai ta gareji na ce sitiyari ya lalace. Bakaniken ko bonet bai buɗe ba. Tsugunawa ya yi, ya danna babban yatsa a jikin tayar gaba, ya ce roba ta zama katako.

Kafin ka zaro kati, fara gane wane ɓangaren motar ne ke zamewa, kuma a wane lokaci, don kowace zamiya da maganinta. Corolla, Camry, Civic, Accord, yawancinsu masu jan gaba ne. Inji da giya a gaba suke, wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyin motar yana kan tayoyin gaba, shi ya sa suke tashi a dusa fiye da masu jan baya. Amma tayoyin nan biyu su ke ja, su ke juya mota, su ke ɗaukar yawancin birki. Ka shiga kwana ƙafarka na kan totur, ka ɗora musu aiki biyu a kan ɗan riƙon da bai ishi ɗaya ba, sai mota ta miƙe. Idan haka take maka, taya ce ko gudu. Ƙara murɗa sitiyari ba ya komai, ɗage ƙafa ake yi.

In kuwa baya ne ke wutsil-wutsil a miƙaƙƙiyar hanya, ko yake neman riga gaba wucewa da zarar ka taɓa birki, dubi tayoyin baya: sun fi na gaba suɗewa? In lafiyarsu ƙalau, a duba alaimen na baya da shokozoba. Tayar baya da ta ɗan karkace ba ta nuna halinta a busasshiyar kwalta, sai ranar da aka yi santsi. Wannan kuɗin gyara ne, sabuwar taya ba za ta rufe shi ba. Ƙafa ɗaya tana lilo a banza ɗayar tana tsaye lokacin tashi, wannan halin motar ne, ƙarfi yana bin ƙafar da ta fi samun santsi. Sitiyari na karkarwa bayan an kwana ana zuba dusa? Sau da yawa dusa ce ta daskare a cikin rim, ka kankare ta kafin ka biya kuɗin balansin. Ka kuma sa geji: iskar taya na raguwa wajen psi 1 a gejin duk sanda sanyi ya sauka da digiri 5 ko 6 na Selsiyas. Dabarar sace iskar taya da muke yi in mota ta kafe a yashi, a bar ta a gida, ba ta titin ƙanƙara ba ce.

To, a zo kan saye. Tayar da yawancin motoci ke zuwa da ita a Amurka da Kanada ita ce wadda ake kira ta kowane yanayi, mai tambarin M+S a gefe. Tambarin nan zanen taya kawai yake nufi, ba a gwada ta a dusa ba. Robarta kan fara tauri in sanyi ya yi ƙasa da digiri 7. Alamar da za ka nema ita ce dutse mai kololuwa uku da ƙwayar dusa a tsakiya, ita ce shaidar taya ta ci gwajin ja a dusa. Jamus ma tun 1 ga Oktoba 2024 ta daina karɓar M+S kaɗai a matsayin tayar hunturu.

Masu wannan alama kashi uku ne. Akwai tayar hunturu zalla marar ƙusa, irin su Bridgestone Blizzak, Michelin X-Ice da Nokian Hakkapeliitta R. Robarta ba ta sandarewa, jikinta cike yake da ƙananan tsaga masu cizon ƙanƙara. Ga wanda ke zaune inda dusa ke kwana wata uku zuwa biyar a ƙasa, Ottawa, Winnipeg, Minneapolis, ni ban ga abin tsayawa shawara ba. Wahalarta ita ce canji sau biyu a shekara da wurin ajiya, kuma in ka bar ta a mota har zafi ya shigo, cinyewa take kamar sabulu. Da ma irinta ce ke zuwa kasuwanninmu a cikin tayoyin Beljiyam, mutum ya ga zane mai zurfi ya yi murna, zafin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya gama da ita. Kuɗin bai kai yadda yake tsoratarwa ba, tunda duk watannin da take aiki tayoyinka na rani hutawa suke. A Ontario kuma, lardin da Ottawa take, tun 2016 dole kamfanonin inshora su yi ragi ga mai tayar hunturu, amma ka kira ka gaya musu.

Sai wadda ake barinta a mota shekara duka amma tana da alamar dutsen, irin Michelin CrossClimate. A dusa ta fi M+S nesa ba kusa ba, a kan ƙanƙara mai sulɓi ba ta kai ta hunturu zalla ba. Ɗalibin da ke ɗaki ɗaya ba wurin ajiye taya huɗu, ko mazaunin Vancouver ko Ingila inda dusa baƙuwa ce, wannan ta ishe shi.

Mai ƙusa ita ce sarauniya a kan ƙanƙara tsantsa, amma tana da ƙara, tana cin kwalta, kuma doka ce ke yanke hukunci kafin aljihu. Jamus ta hana, jihar Minnesota ta Amurka ta hana mazaunanta, a Ontario sai mutanen arewacin lardin. A Oslo ta ƙasar Norway kuɗi ake biya kafin a hau titi da ita. Ka tsallaka kogi daga Ottawa zuwa Gatineau, ka shiga lardin Quebec, labari ya canja: ƙusa halal ce daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu, tayar hunturu kuma wajibi ce ga motar da ke da rajistar lardin daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Inda 'yan'uwa suka fi faɗawa shi ne sayen taya biyu kacal. Lissafin yana da daɗin ji: tunda gaba ke ja, a sa masu kyau a gaba. Motar za ta tashi lafiya, ta ba ka ƙwarin gwiwa, sai a kwanar farko gaba ya riƙe baya ya saki, ta yi katantanwa. Miƙewar gaba ana iya gyara ta da ɗage ƙafa, juyawar baya kuwa ko tsohon direba tana kayar da shi. Huɗu ake saya, iri ɗaya. In kuɗi bai kai ba, gara na hannu huɗu masu kyau. Ka auna zurfin zanen, ƙasa da milimita 4 ba ta da sauran amfani a dusa ko da doka ta bar ta. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya: 3521 na nufin mako na 35 na shekarar 2021. Wadda ta haura shekara shida ni ba na ɗauka, komai kyan zanenta. In littafin motar ya yarda da rim mafi ƙanƙanta da taya mafi siranta, ɗauki wannan, ta fi araha, ta fi yanka dusa. Rim na ƙarfe na daban kuma yana rage maka kuɗin cirewa da sawa kowace kaka.

Sarƙa da safar taya irin AutoSock kayan fita kunya ne a hawan dutse, a ƙafafun gaba ake sa su, ba a wuce kilomita 50 a awa, a cire da an hau kwalta. Buhun yashi a but dabarar masu jan baya ce, a motarka nauyin gaba yake ragewa.

Saura mai jan ƙafa huɗu, irin Subaru ko RAV4 mai jan huɗu. Tana hawa tudun da Corolla za ta tsaya tana lilo, gaskiya ne. Birki fa ba ruwansa da ƙafa nawa ke ja, kowace mota da taya huɗu take tsayawa. Idan gidanka a kan gangara yake, ko a bayan gari inda motar share titi ba ta zuwa sai rana ta ɗaga, canjin mota yana da hujja, kuma ita ma sai ka saya mata tayar hunturu. Ni dai Corolla ɗin na riƙe. Cikin Oktoba nake kiran gareji, don daga ranar da dusar farko ta sauka, layin canjin taya sai ya kai mako biyu.