Pfalz ko Alsace: ina mai sabon keken dutse zai fara?

Ɗan'uwanmu da ke karatu a Mannheim ya ce ya sayi keken hawa dutse na hannu, yana da Asabar da Lahadi, kuma yana son hanyar da za ta ratsa da shi gonakin inabi, ta shiga daji, ta kai shi kangayen tsoffin gidajen sarauta. Wasu sun ce masa Pfalz a Jamus, wasu sun ce Alsace a Faransa, ya rasa na ɗauka. To ƙanena, ni dai Pfalz zan ce maka, kuma ba don ta fi kyau ba. Bari in baje maka su biyun ka gani.

A taswira 'yan gida ɗaya ne. Dukansu suna yammacin kogin Rhine, kuma tsarinsu ɗaya: fili a ƙasa, zirin gonakin inabi a gindin tsauni, daji a sama, kangaye jere a bakin dajin suna kallon kwari. Tsaunukan ne ke tare ruwan saman da ke tahowa daga yamma, shi ya sa inabi ke yi, shi ya sa kuma Colmar ke cikin garuruwan da suka fi ƙarancin ruwan sama a Faransa. Hanyar inabi ta Jamus, wadda aka buɗe a 1935, kilomita 85 ce daga Bockenheim zuwa Schweigen a kan iyaka. Ta Alsace an buɗe ta a 1953, ta ninka waccan, kilomita 170 daga Marlenheim zuwa Thann. Waɗannan titunan mota ne, kai ta hanyoyin gona da na daji da ke samansu za ka bi.

Babban bambancin yana ƙarƙashin tayarka. Dajin Pfalz a kan jan dutse mai yashi yake zaune. Ruwa na sauka ƙasa ta shanye, yau a yi ruwa gobe ka hau ba tare da ka yi dumu-dumu da laka ba. Hanyar na da laushi, ganyen itatuwa ya shimfiɗe a kai, taya na kamawa, in ma an faɗi faɗuwar da sauƙi. Illarsa ita ce yashin na shiga sarƙa, ka dinga jin tana ƙas-ƙas, kuma idan an daɗe ba ruwa za ka tarar da kwanar da yashi ya taru, tayar gaba ta nutse ta nemi kayar da kai. A nan kada ka damƙe birkin gaba, ka mayar da nauyinka baya ka bar keken ya ratsa. Arewacin Alsace ma haka ƙasarsa take. Amma da ka gangara kudu wajen Ribeauvillé da Munster, sai dutse ya canza ya koma mai tauri irin na Kufena a Zariya, ga saiwoyi a waje, ga tsakuwa mai gangarowa. Jiƙaƙƙen dutse irin wannan ba ya yi wa sabon hannu uzuri.

Sai hawa. Kalmit, ƙololuwar dajin Pfalz, mita 673 ce. Grand Ballon na Alsace mita 1,424. A Pfalz hawan gajere ne amma a jere yake, ka hau ka sauka ka sake hawa, gajiyar ta zo maka a sace, sai dai kusan kullum akwai ƙauye ko tashar jirgi a kusa idan ƙafa ta ce ta gaji. A kudancin Alsace kana iya shafe sa'a biyu kana taka feda ba ka ga gangara ba, kuma garin da ka baro da rana a ƙasa, ka iske hazo da iska mai sanyi a sama. Mai ƙarfin cinya wannan yake nema. Wanda bai san nauyin kekensa ba tukuna, turawa zai yi da hannu rabin hanya.

A maganar kangaye kuwa, nan ne zuciyata ta rabu biyu. Alsace ta fi iya nuna kanta. Haut-Koenigsbourg, a kan tsauni mai mita 757 kusa da Sélestat, sojojin Suwidin sun ƙone shi a 1633, ya zauna kango fiye da shekara 250 kafin sarkin Jamus Wilhelm na biyu ya sa a sake gina shi tsakanin 1900 da 1908, lokacin Alsace na hannun Jamus. Ginin abin kallo ne, amma motocin 'yan yawon buɗe ido na kaiwa har ƙofa, sai ka iso jiƙe da gumi ka tarar da layin sayen tikiti. Na fi son ukun nan da ke saman Ribeauvillé, wato Saint-Ulrich da Girsberg da Haut-Ribeaupierre, don su kangaye ne na gaske, ko da yake ƙarshen hanyarsu na masu ƙafa ne, dole ka sauka ka tura.

Na Pfalz ba su kai waɗannan ƙawa ba, amma sun fi kusa da juna, kuma labarinsu na da nauyi. Da yawansu sojojin Louis na 14 na Faransa ne suka rusa a shekarun 1688 da 1689, har da Madenburg da Wachtenburg. A Trifels, saman Annweiler, aka tsare sarkin Ingila Richard a 1193 yana dawowa daga yaƙin da ya yi da Salahuddin, sai da aka biya fansa mai yawa aka sake shi. A Hambach kuma dubban mutane suka taru a 1832 suna neman 'yanci da haɗin kan Jamus, ɗauke da tutar baƙi da ja da ruwan zinare da ƙasar ke amfani da ita yau. Ka jingine keke a bangon Madenburg ka leƙa ƙasa: layukan inabi kamar an ja su da igiya, jajayen rufin ƙauyen Eschbach a gindinka, kuma in gari ya yi garau har tsaunukan da ke ƙetaren kogi za ka hango.

Akwai dokar da mutanenmu ba su cika sani ba. A jihar da Pfalz take, dokar daji ta yarda a hau keke a kan tituna da manyan hanyoyin daji ne, siraran hanyoyin ƙafa ba sa ciki sai inda aka buɗe su ga masu keke. Wannan ne amfanin Mountainbikepark Pfälzerwald, wanda aka fara a 2005, yanzu yana da zagaye 20 da suka kai kusan kilomita 900, duk da alama. Amma ka lura, zagayen farko-farko irin na Hochspeyer da Rodalben can cikin daji suke, ba za ka ga ko reshen inabi ba. Abu ukun da kake so a haɗe suna gefen gabas da kudu, wajen Neustadt da Landau da Annweiler. A Faransa alamar masu keke ita ce kusurwa uku da ƙwallaye biyu, kuma ana bambanta wahalar hanya da launi: kore, shuɗi, ja, baƙi. Sauran alamomin da za ka gani fal a jikin itatuwa na Club Vosgien ne, ƙungiyar masu tattaki da aka kafa a 1872, kada ka bi su a makance. Alsace na kuma da doguwar hanyar keken dutse daga Wissembourg zuwa Thann da ta haura kilomita 400, amma wannan aikin mako biyu ne, ba na hutun ƙarshen mako ba.

Abinci, dukansu biyu sai ka yi hattara. A Pfalz akwai bukkokin daji da 'yan sa-kai ke gudanarwa, galibi Asabar da Lahadi, wasu har da Laraba, ka je kanta da kanka ka biya da tsabar kuɗi ka ɗauko tirenka. Sai dai kusan duk abin da ke kan allon naman alade ne. Abin da za ka nema shi ne farin cuku da dafaffen dankali. Idan ka ce Schorle kawai, barasar inabi da ruwa za a miƙo maka a kofin rabin lita, don haka ka ce Apfelschorle, na tuffa. A gidajen makiyaya na tsaunukan Alsace ma haka, naman alade ne ginshiƙi, kuma wani lokaci har kayan zaƙinsu ana zuba wa barasa, sai ka tambaya. Ka yi guzurinka tun Asabar, don ranar Lahadi kantuna a rufe suke a ɓangarorin biyu.

Zuwa wurin ma Pfalz ta fi maka sauƙi. Daga Mannheim jirgin S1 ko S2 zai sauke ka a Neustadt cikin kusan rabin sa'a, kuma a ƙarshen mako ba a biyan kuɗin keke a jiragen yankin. Kudancin Alsace kuwa sai ka haɗa da kwana da tikitin Faransa. Ka riƙe fasfo da katin zamanka, don Jamus ta dawo da bincike a kan iyakokinta tun Satumban 2024, kuma wanda takardarsa ba ta ba shi damar fita ƙasar ba, kada ya ce ai daji ne ba mai gani.

In ni ne kai, ranar Asabar zan tashi daga Neustadt, in bi cikin gonaki zuwa Hambach, in hau ta tsaunin Hohe Loog zuwa Kalmit a manyan hanyoyin daji, in gangara St. Martin in dawo ta gonaki. Lahadi in shiga jirgi zuwa Annweiler, in ga Trifels, in ƙarasa Madenburg, in sauka Landau. Idan Satumba ko Oktoba za ka je, lokacin girbi ne, ka ba taraktoci hanya kuma kada ka tsinki inabin mutane. Ka sa hular kwano, ka ɗauki kayan faci da famfo, ka duba birki kafin ka fita tunda keken na hannu ne, da dare kuma ka duba jikinka saboda kaska, don tana da yawa a dazuzzukan biyu kuma tana sa cuta. Alsace ka bar ta sai bazara mai zuwa, ka fara da kangon Fleckenstein a arewa inda ƙasar ke da yashi, kafin ka je wa na kudu.