Sayen ƙarin maki a cacar besbol: wane layi ne ya cancanci kuɗinsa?

Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana jihohi halatta cacar wasanni a 2018, kamfanonin caca suka cika wayoyin mutane da zaɓi iri-iri. A MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, inda ƙungiyoyi 30 ke buga wasa 162 kowacce a kaka, abin da suka fi kwaɗaitar da mutum da shi shi ne ya biya ƙari a matsar masa da layi, wato adadin makin da kamfani ke ƙara wa ƙungiya ko rage mata wajen lissafin caca. Caca dai caca ce, kuma na ga yadda take cinye albashin mutum tun wata bai raba ba. Abin da ya fi damuna shi ne masu sayen nan ba sa lissafa abin da suke biya.

A ce ƙungiyar da ake ganin ba ta da ƙarfi tana kan +130, wato ka sa dala 100 ka ci 130 in ta yi nasara. Don kada ka yi asara a tsawon lokaci, sai ta ci kusan kashi 43 cikin ɗari na irin waɗannan wasanni. Ka karɓi layin da aka saba, +1.5, wanda ko an doke ta da maki ɗaya ka ci, farashi na iya komawa -160: dala 160 don cin 100, kuma yanzu kana buƙatar kusan kashi 62. Ka ƙara saye zuwa +2.5 a kan -260, buƙatar ta haura kashi 72.

Matakin farko yana da hujja. Tazarar maki ɗaya ita ce aka fi tashi da ita a besbol, kusan wasa uku cikin goma. Mataki na biyu kuwa tsadarsa ta fi amfaninsa a mafi yawan lokuta, domin wasannin da ke ƙarewa da tazarar biyu daidai ba su kai haka yawa ba. A kan -260, faɗuwa ɗaya tak ta share ribar nasara biyu da rabi. Kwanciyar hankali kake saye, kuma kamfanin ya san haka.

Akwai kuma masu sayar da maki, su ɗauki babbar ƙungiya a -1.5, wato sai ta yi nasara da tazarar maki biyu ko fiye kafin su ci, don farashi ya yi daɗi. A nan ka duba wa ke gida. Mai masaukin baƙi in yana gaba ba ya buga rabin ƙarshe na zagaye na tara, wanda shi ne turarsa ta ƙarshe ta neman maki, in kuma ya wuce gaba a wannan rabin, nan take alƙali ya tashi wasan. Sau da yawa da maki ɗaya ake tashi. Ƙungiyarka ta ci, 'yan kallo na ta ihu, tikitinka kuwa ya mutu. Baƙuwa ita ce ke da tabbacin buga zagayenta tara cif, don haka -1.5 ya fi dacewa da ita.

Jimillar maki fa, wato cacar ko makin ƙungiyoyin biyu a haɗe zai haura wani adadi ko ba zai kai ba? Besbol ba a tashi canjaras, shi ya sa jimilla mara, kamar 7 da 9, ta fi cika fitowa. Rabin makin da zai kai ka kan 7 ko 9 ya fi wanda zai kai ka kan 8 daraja, ko da kuɗinsu ɗaya. A filin Coors na Denver kuma, mai tudun kusan mita 1,600, inda ƙwallo ke tafiya nesa a yi ta zuba maki, rabin maki bai da nauyin da yake da shi a wasan da gwanayen jifa biyu suka haɗu.

Kafin ka taɓa komai, mayar da farashin biyu zuwa kashi cikin ɗari, ka ga tazarar da ke tsakaninsu, sannan ka duba ko wani kamfanin na ba da layin nan da rahusa. In tazarar ta fi yawan lokutan da wasa ke faɗawa kan wannan makin, bar layin yadda ka same shi.